Asalin Tsara Manhaja Bisa Abubuwa

A 1962, a cibiyar nazarin kwamfuta ta Norway da ke Oslo, Kristen Nygaard da Ole-Johan Dahl suka duƙufa ƙirƙirar harshen da zai kwaikwayi al'amuran duniya, kamar jerin gwanon jiragen ruwa a tasha. Harsunan wancan zamani sun ware bayanai gefe, umarni gefe; da manhaja ta girma sai ta rikice wa mai ita.

Dabarar da suka fito da ita a Simula 67 ita ce haɗa biyun wuri guda. Kowane jirgi ya zama abu mai riƙe da bayanansa, kamar nauyi da gudu, tare da ayyukan da yake iya yi. Aji shi ne tsarin da ake fitar da abubuwa daga gare shi, kamar yadda ake buga tubali da yawa da ma'auni ɗaya. Sai gado: ajin jirgin dakon mai yana gadar duk halayen jirgi, ya ƙara nasa, ba sai an sake rubutu ba. Nan ne hikimar take.

Alan Kay ya faɗaɗa tunanin da Smalltalk a Xerox PARC a shekarun 1970. Bjarne Stroustrup kuwa, da ya ga Simula na da tsari amma tana da nawa, ya fara aikin da ya haifi C++ a 1979.

Karramawa ta zo a makare. An ba mutanen biyu lambar Turing ta 2001, kuma dukansu suka rasu a 2002.