Kyanwa a Karkarar Kano: Tarihin Riƙo da Jinya

1.0 Gabatarwa

Masu rubuta tarihin dabbobi a ƙasar Hausa sun fi karkata ga shanu da dawaki da jakuna, domin su ne ake biya wa haraji, su ne kuma ake fatauci da su. Kyanwa ba ta samu wannan gata ba, ko da yake da wuya a shiga ƙauye a ƙasar Ungogo ko Minjibir ko Gezawa ko Dawakin Tofa ko Ɗambatta ba a gan ta tana ratsa danga ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda mutanen wannan yanki suka zauna da kyanwar da ba ta da takamaiman ubangida, da abin da ya sa suke ciyar da ita, suke kuma jinyarta in ta ji ciwo, sa'an nan da sauye-sauyen da suka raunana wannan al'ada a ƙarni na 20.

2.0 Rumbu da Ɓera

Asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya yake. A shekarar 2004 masu haƙar kayan tarihi suka bayyana wani kabari a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum tare da kyanwa. Masana suna ganin hatsin da manoman farko suka tara shi ya jawo ɓera, ɓera kuma ya jawo kyanwa, wato ita ta kawo kanta.

Wannan dalili ya yi daidai da yanayin karkarar Kano. Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya yaba da yalwar gonaki da yawan jama'ar ƙasar. A 1965 Mortimore da Wilson suka fitar da bincikensu a kan wannan yanki mai cunkoso, inda mil ɗaya murabba'i yake ɗauke da mutum fiye da 350, kuma ana noma mafi yawan ƙasar kowace damina ba tare da hutu ba. A irin wannan wuri daji ya ƙare, namun da ke cin ɓera sun ja baya, gidaje kuwa sun warwatsu cikin gonaki, kowane gida da rumbunansa na gero da dawa. Abincin wata goma sha biyu yana cikin rumbun nan. An ɗora shi a kan duwatsu saboda gara da laima da ɓera, amma ɓera bai rasa hanya ba. Saboda haka kyanwa ta zama mai gadin da ba a biyanta sai da suɗin tuwo.

3.0 Matsayinta a Harshe da Addini

Hausa tana da kyanwa da mage da kuliya da mussa, gwargwadon karin harshe, ga kuma muzuru ga namiji. Maganganun hikima sun nuna an san halinta ciki da bai. Ana cewa mage mai kwanciyar ɗaukar rai, ana kiran wanda ba ya iya cutar da kowa kyanwar Lami, in kuwa an daina yaudarar mutum sai a ce kan mage ya waye. Muzuru shi ya kwashi baƙin jini saboda 'yan tsaki, shi ya sa ake haɗa shi da shaho a cikin magana. Akwai kuma camfin da ke danganta baƙar kyanwa da aljannu, wanda ya sa wasu ke korarta, wasu kuma ke tsoron taɓa ta da mugunta.

Abin da ya fi ba ta kariya shi ne karantarwar malamai. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan Kano, akwai hadisin Abu Ƙatada da ya tabbatar cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-da-kawo a tsakanin mutane, don haka ruwan da ta sha ya saura ana alwala da shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sahabi Abu Huraira ma ya samu alkunyarsa ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauka. Daga nan hukunci biyu suka zauna a zukatan talakawa: kyanwa tana iya shiga har ɗaki, kuma wanda ya tsare ta, cinta da shanta sun hau wuyansa. Wannan shi ya bambanta ta da kare, wanda iyakarsa ƙofar gida ko dawa.

4.0 Riƙo ba Mallaka ba

A wasu ƙasashen Musulmi wannan tausayi ya zama hukuma. Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su, kuma Baturen nan Lane, a littafinsa na 1836, ya ba da labarin yadda ake raba musu abinci kullum a farfajiyar kotun babban alƙali. A karkarar Kano aikin ya tsaya ne a cikin gida, a hannun mata da yara.

Kalmar riƙo ta fi dacewa da wannan dangantaka. Kamar yadda ake ba mace ɗan 'yar'uwarta ta riƙe ba tare da ya zama nata ba, haka kyanwa take cin abinci a gida uku ko huɗu, ta haihu a ƙarƙashin rumbun wanda ta ga dama. Ba ta cikin kayan gādo, ba a fitar mata da zakka, ba a kai ta kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi kamar akuya. In ta haihu, maƙwabta su roƙi 'ya'yan kyauta.

Ciwon da ke samunta sananne ne: ƙuna daga kwanciya a tokar murhu lokacin hunturu, karaya daga tarko ko jifa, cizon kare, ƙazuwa, da ciwon ido ga jarirai. Jinyar kuwa ita ce irin wadda ake yi wa akuya ko kaza: a wanke miki da ruwan ɗumi, a shafa man kaɗanya ko man shanu, a ajiye mata nono a sakaina, a keɓe mata lungu a ɗakin girki, a hana yara damunta. Wannan magani ba kullum yake warkarwa ba, amma ɗumi da abinci da hutu su ne rabin jinyar kowace dabba.

5.0 Sauye-sauyen Ƙarni na 20

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa daga 1912 sun ƙara yawan amfanin da ake tarawa a buhuna, sun kuma ƙara wa ɓera abinci. Amma aikin likitan dabbobi da Turawa suka kafa, wanda ya fara a Zariya kafin a mayar da cibiyarsa Vom a 1924, shanu ya sa a gaba, saboda annobar bushiya da kuɗin jangali da cinikin fatu da ƙiraga. Rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi sun ƙirga shanu da tumaki da awaki da jakuna da dawaki, suka tsallake kyanwa. Dokar Final Kot ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta haramta zaluntar dabba, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta buɗe tsangayar likitancin dabbobi a 1964, amma talakan Makoɗa ko Kunci bai ga dalilin ɗaukar kyanwa zuwa asibitin dabbobi na Gwale ba. Sai a ƙidayar dabbobi ta ƙasa ta 1990 aka ƙiyasta kyanwoyin Nijeriya da kimanin miliyan 3.3.

Farin 1972 zuwa 1974 ya nuna iyakar al'adar, domin gidan da ba a suɗe tuwo ba shi da abin ba kyanwa. Bayan haka ɗakin siminti da kwano ya soma maye gurbin rumbu, hatsi ya koma buhu, manyan rumbunan 'yan kasuwa suka taru a Dawanau daga 1985. Mafi muni shi ne yaɗuwar gubar ɓera a kasuwannin ƙauye. Nau'in da ke hana jini daskarewa ba ya kashe ɓera nan take. Yakan yi kwanaki yana layi, kyanwa ta kama shi cikin sauƙi, gubar ta taru a jikinta. Ta haka maganin ɓera ya zama ajalin maƙiyin ɓera. Haka kuma jinya da maganin zamani ba bisa sani ba ta kawo sabuwar ɓarna: farasitamol, wanda ake ba yara, yana kashe kyanwa ko da kaɗan ne, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi.

6.0 Kammalawa

Maganar ta wuce tausayi kawai. Zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969, daga fitsari da kashin wani ɓera mai yawan nonuwa yake yaɗuwa, kuma a Janairun 2020 ya kashe ma'aikatan lafiya a Kano. Kyanwa kaɗai ba ta isa rigakafi ba, sai an haɗa da rufe abinci da toshe ramuka, amma ƙauyen da ya ƙarar da kyanwoyinsa ya rage wa kansa kariya. A ɗaya gefen, kyanwar da ba a yi wa allura ba tana iya ɗaukar ciwon haukan kare ta sa wa yaron da ke jinyarta. Ƙasar Turkiyya ta ɗora wa ƙananan hukumomi, a dokarta ta 2004, alhakin yi wa dabbobin titi allura da hana su haihuwa, sa'an nan a mayar da su inda aka ɗauko su. Karkarar Kano ta riga ta mallaki tushen irin wannan tsari, wato yarda da cewa kyanwa ta unguwa ce, kowa yana da hakki a kanta. Abin da ya rage shi ne malamin dabbobi da ke zuwa ƙauye yi wa awaki allura ya sa ta a cikin lissafinsa, malaman makaranta kuma su tattara sunaye da camfe-camfe da hanyoyin jinya daga bakin tsofaffin mata tun suna raye.