Kakar 1999–2000: Haifaffen Zariya a Ƙungiyar da Ta Zo Ta Ƙarshe

A Sakkwato, ƙanƙara abar saye ce. Ana fasa ta a zuba a zoɓo ko a ruwan buɗe-baki, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, darajarta takan tashi. A wannan watan ne kuma ake rufe wasannin zagaye na gasar NHL ta Amurka da Kanada, inda ƙarti ke gudu a kan daskararren fili da takalma masu kaifin ƙarfe, suna korar wani ɗan faifan roba da sanduna. Wasan hoki na kan ƙanƙara ke nan. Ya yi nisa da ƙasar Hausa, amma mutum na farko haifaffen Nijeriya da ya buga wannan gasa a Zariya aka haife shi, ranar 7 ga Yuli, 1975. Sunansa Rumun Ndur, kuma a lardin Ontario na Kanada ya tashi.

Kakarsa ta ƙarshe a NHL ita ce ta farko ga ƙungiyar Atlanta Thrashers. Birnin Atlanta ya taɓa samun ƙungiya, Flames, daga 1972 zuwa 1980, kafin ta yi ƙaura zuwa Calgary. A 1999 aka sake jarrabawa. Kamfanin da attajiri Ted Turner ya kafa ya biya dala miliyan 80 kuɗin shiga, aka gina sabon zauren wasa, Philips Arena, Thrashers ta zama ƙungiya ta 28.

Yadda ake haɗa sabuwar ƙungiya a can zai ba mai kallon ƙwallon Ingila mamaki. Ba a hawowa daga ƙaramin rukuni da guminka. Kujera ake saye. Daga nan kowace tsohuwar ƙungiya sai ta killace gwanayenta, ta bar wa baƙuwa ragowar ta zaɓi mutum guda. Haka Atlanta ta tattara 'yan wasa 26 waɗanda iyayen gidansu ba su damu da rabuwa da su ba. Ta kuma sami zaɓin farko cikin matasan shekarar ta hanyar musaya, ta ɗauki Patrik Stefan ɗan ƙasar Cek, wanda bai taɓa kai inda aka yi masa zato ba.

Wasan farko, ranar 2 ga Oktoba, New Jersey Devils ta doke su 4–1, kuma Devils ɗin ce ta ɗauki Kofin Stanley a ƙarshen kakar. Cikin wasanni 82, Atlanta ta ci 14 kacal, ta yi canjaras 7, ta ƙare da maki 39, a ƙasan kowa. Huɗu daga makin ma albarkacin sabuwar doka ce ta shekarar, wadda ke ba da maki ɗaya ga wanda aka doke a ƙarin lokaci.

Cikin wannan hali Ndur ya iso a watan Disamba. Buffalo Sabres ce ta zaɓe shi a 1994, ya ci kofin ƙaramar gasa da Rochester Americans a 1996, amma Buffalo ba ta ba shi fiye da wasa 11 ba cikin kaka uku. New York Rangers ta ɗauke shi, ya buga mata 31, ita ma ta sake shi. A Atlanta ya buga 27.

Mai tsaron baya ne, sai dai aikin da aka fi nemansa dominsa shi ne dambe. A hoki na Arewacin Amurka, idan biyu suka jefar da safar hannu suka kaure, alƙalai kan bari su ɗan gwabza, sannan a kora kowanne benci na minti biyar. A wancan zamani kusan kowace ƙungiya na ajiye ƙato ɗaya ko biyu domin kada a ci zalin gwanayenta. Alƙaluman Ndur sun faɗi matsayinsa ba tare da kwana-kwana ba: wasa 69 a NHL, ya zura biyu a raga, ya yi minti 137 a bencin hukunci. Aiki ne mai cin jiki, kuma mai yinsa shi ake fara sallama idan an sami wanda ya fi shi ƙuruciya. Bayan 2000 ya ci gaba a ƙananan gasa, har ya kai Ingila, inda ya buga wa Coventry Blaze da Nottingham Panthers.

Ita kuwa Atlanta, zuwa ta ƙarshe bai jefa ta ƙaramin rukuni ba, domin babu wannan hukunci a NHL. Lada ma ake bayarwa: masu rauni su ke kan gaba wajen zaɓen matasa. Ta haka ta sami Dany Heatley a 2000 da Ilya Kovalchuk a 2001, dukansu gwanaye na gaske. Duk da haka sau ɗaya ta kai zagayen neman kofi, a 2007, Rangers ta cinye ta wasa huɗu a jere. A 2011 aka sayar da ƙungiyar, ta koma Winnipeg ta Kanada da sunan Jets.