Darasin Addini a Makarantun Gwamnati: Tarihin Wata Yarjejeniya a Arewa

A shekarar 1900 wata tawagar 'yan mishan na CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano da niyyar kafa zango. Sarkin Kano Alu bai ba su wurin zama ba, ya umarce su da su bar garin. Cikin tawagar akwai wani likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila, kuma shi ne ya shafe shekaru masu yawa daga baya yana neman hanyar shigar da bishara ƙasar Hausa ta ƙofar magani da karatu.

Shekara uku bayan haka, a watan Maris na 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya yi musu alkawarin cewa gwamnatinsa ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Lissafin mulki ne ya sa shi faɗin haka, domin jami'ansa ba su da yawa, ƙasar kuma faɗi gare ta, ba yadda zai riƙe ta ba tare da sarakuna ba. Amma wannan alkawari ya zama abin da sarakuna suke kafa hujja da shi duk lokacin da maganar makaranta ta taso, su ma gwamnonin da suka biyo baya suka jingina da shi wajen taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi.

Likita Mila ya samu zama a birnin Zariya daga 1905, ya kuma buɗe makaranta da fatan jawo 'ya'yan sarakuna da malamai. Ba ta karɓu yadda ya so ba, saboda kowa ya san abin da ya kawo shi. A ƙarshen shekarun 1920 aka mayar da mishan ɗin bayan gari, zuwa Wusasa. Sauran ƙungiyoyi irin su SIM da SUM da Katolika kuwa sai suka fuskanci ƙasashen da ba sa bin Musulunci, wato Filato da Binuwai da kudancin Zazzau da sassan Adamawa. A can makaranta da coci tare suke tafiya, sau da yawa ma ɗaki guda ne, malamin aji shi ne mai wa'azin Lahadi. Daga nan Arewa ta tashi da tsarin karatu iri biyu, kuma giɓin da ke tsakaninsu ya daɗe bai cike ba.

Gwamnati ta ga cewa in tana son ma'aikata daga masarautu, dole ta kafa makarantar da ba ruwanta da mishan. Aka ɗora wa Hanns Vischer wannan aiki, mutumin da Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909. Shi kansa da mishan ya fara shigowa ƙasar kafin ya koma aikin gwamnati, don haka ya san inda tsoron yake. Aka yi karatu da Hausa, aka kawo malamai na gida suna koyar da Alƙur'ani da Larabci, ba a kuma saka darasin Kiristanci ba. A kan wannan tsari aka gina makarantun elementare da midil na En'e, da Kwalejin Katsina wadda aka yi bikin buɗewa a 1922, inda su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Duk da haka zuciyar iyaye ba ta kwanta nan da nan ba. Idan hakimi ya aiko a ba da yara, wani dagacin sai ya tura ɗan baransa ya ɓoye nasa. Wata uwar kuma da ta hango dogarai sai ta jefa ɗanta cikin rumbu, ko a kai shi wani ƙauye wajen kawunsa har ƙura ta lafa. Ba ƙin ilimi ne ya kawo haka ba, don yaran nan da allunansu suke kwana. Tsoron shi ne yaro ya tafi da sallarsa ya dawo babu ita. Abin da ya rage wannan tsoro sannu a hankali shi ne ganin malamin Arabiyya a cikin makarantar, da ganin 'yan makaranta sun dawo hutu suna bin sahu a masallaci. Makarantar Shari'a ta Kano da aka kafa a 1934 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malaman da aka ɗauko daga Sudan, ta taimaka ƙwarai. A 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, ta riƙa yaye alƙalai da malaman da suka cika azuzuwan addini a lardunan Arewa.

Da 'yanci ya ƙarato, sai tsoro ya bayyana ta ɗaya ɓangaren. Ƙananan ƙabilu da Kiristocin Arewa suka kai kokensu gaban Hukumar Willink a 1957 zuwa 1958, wadda ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Ta haka aka shigar da ƙa'idar cewa ba za a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba. Wannan ƙa'ida tana nan a sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, tare da sharaɗin amincewar iyaye ko mai riƙo, yayin da sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin nata.

Bayan yaƙin basasa gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan, aka fara daga Jihar Gabas ta Tsakiya a 1970, wasu jihohi suka bi. A Kaduna St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina, a Zariya kuma St. Paul's ta zama Kufena. Musulmi da dama sun yi maraba, don ƙofa ta buɗe wa 'ya'yansu ba tare da fargaba ba. Coci-coci kuwa har yau suna kallon abin a matsayin ƙwace. Sai shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya kwararo miliyoyin yara cikin firamare, makarantar gwamnati ta zama wurin da 'ya'yan addinan biyu suke zama kan benci ɗaya. Maganin da aka samo shi ne raba aji: in lokacin darasin addini ya yi, masu darasin addinin Musulunci (IRK) su zauna da malaminsu, masu darasin addinin Kirista (CRK) su ɗauki littattafansu su koma wani ajin ko gindin bishiya, in an buga ƙararrawa a sake haɗuwa a darasin lissafi.

Wa'azi kuwa ya shigo ta hannun ɗalibai da kansu. An kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS a Legas a 1954, ta ɗalibai Kirista FCS kuma a Gindiri a 1957, dukansu suka bazu a sakandare da kwalejoji. Yawancin ayyukansu tarbiyya ce da karatu, amma inda wa'azi ya koma taɓa addinin maƙwabci an ga illarsa. A watan Maris na 1987 saɓani kan wani wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya rikiɗe zuwa tarzoma, ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka rasa rayuka da wuraren ibada.

Ko a 2017 tsohon tsoron ya sake tasowa, lokacin da aka lura cewa sabon manhajin ilimin matakin farko ya haɗa darussan addinin biyu da wasu ƙarƙashin inuwa ɗaya. Shugabannin Kirista da na Musulmi duk suka nuna rashin yarda, har Ministan Ilimi na lokacin Adamu Adamu ya ba da umarnin a raba su, kowane ya tsaya da ƙafarsa.

Dokar dai a bayyane take, amma aiki da ita ya dogara ga albashi da ɗaukar ma'aikata. Kiristoci a wasu jihohin can ƙuryar Arewa sun daɗe suna kukan rashin malaman CRK a makarantun gwamnati, Musulmi a wasu jihohin Kudu su ma suna irin wannan kuka game da IRK. Inda hukuma ta samar wa marasa rinjaye malaminsu, iyaye kan miƙa yara hankali kwance. Inda ta ƙi, sai zargi ya dawo, kuma masu kira a mayar wa kowace al'umma makarantarta su ƙara samun magoya baya.