Tazara

tazara (suna, mace). 1. Nisan da ke tsakanin wurare biyu, ko ratar da ke tsakanin lokuta biyu: *Akwai tazara tsakanin gidanmu da kasuwa.* 2. A harkar jiragen sama, nisan da ke tsakanin filayen jirgi biyu idan aka bi hanya mafi gajarta a doron ƙasa. Da kilomita ake auna ta, amma matuƙa jirgi sun fi amfani da mil na teku, wanda ya kai mita 1,852.

Misali: tazarar Kano zuwa Jidda ta kai kusan kilomita 3,400. Jirgin fasinja na gudun wajen kilomita 850 a awa, don haka alhazan da suka tashi daga filin Malam Aminu Kano kan shafe aƙalla awa huɗu kafin su sauka a filin Sarki Abdul'aziz. Sai dai tazara kaɗai ba ta yanke tsawon tafiya. Akwai hawa da sauka, da iska, da hanyar da hukumomi suka shata. Bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka riƙa kewayewa, tafiyar ta ƙara tsawo ba tare da Jidda ta gusa ba.

Lura: agogon Saudiyya na gaba da na Najeriya da awa biyu, abin da kan rikita mai lissafi da tikiti a hannu.

*Duba kuma:* nisa, rata, zango.