Zo Mu Zauna, Zo Mu Saɓa

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Katsina, mutum ya kan shekara yana yawon kasuwanni bai gamu da wanda zai buɗi baki ya ce babu Allah ba. Yawancin jama'a Musulmi ne. A waɗansu ƙauyuka akwai Kirista, waɗanda galibinsu iyayensu ko kakanninsu Maguzawa ne, suka karɓi wannan addini bayan da 'yan mishan suka sami izinin shiga ƙasar Katsina cikin shekarun 1930 don jiyyar kutare. Su Maguzawan kuwa, ko da ya ke waɗansu na kiransu marasa addini, ba su musun Allah. Suna yi wa iskoki yanka, amma sun yarda akwai Mahalicci bisa kome.

A Turai ba haka abin ya ke ba. Can akwai mutane masu yawa da ke cewa duniya ba ta da mahalicci, ba kuma tashi bayan mutuwa. Malamai suna kiran irin waɗannan mulhidai, a tsofaffin littattafan tauhidi kuma a kan ce da su Dahriyya. Abin mamaki shi ne, su da Kirista ba su rabu da juna ba. Fiye da shekara 160 ke nan suna haɗuwa a zaurukan makarantu da jaridu da gidajen rediyo, wannan ya kawo hujja, wancan ya rushe. To, mene ne ya hana kowa ya kama gabansa? Tarihin Ingila ya nuna dalilai uku.

'Yan Gida Ɗaya

Dalili na fari shi ne, masu gardamar nan ba baƙin juna ba ne. Yawancin masu musu a gidajen Kirista aka haife su, a coci aka raɗa musu suna.

Misali ga Charles Darwin, masanin halittu. Da ya ke saurayi ubansa ya tura shi Jami'ar Kembirij da nufin ya zama limamin coci. Amma ya shiga jirgin ruwa ya yi shekara biyar yana zaga duniya, yana duban tsuntsaye da dabbobi da duwatsu. A shekarar 1859 ya buga littafi, ya ce halittu sun samo asali ne daga junansu, suna sākewa sannu a hankali cikin shekaru masu ɗimbin yawa. Mutane da yawa suka ga wannan ya saɓa wa labarin halitta da ke cikin Littafi Mai Tsarki.

Ran 30 ga Yuni, 1860, aka yi taron masana a Oksfod, zaure ya cika maƙil. Bishop Samuel Wilberforce, ɗan mutumin nan da ya yi fama har aka hana cinikin bayi, ya tashi ya soki littafin. An ce ya juya ya tambayi Thomas Huxley, abokin Darwin, ko ta wajen kakansa namiji ne ya haɗa dangi da biri, ko ta wajen mace. Huxley ya amsa da cewa zama jikan biri ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne mutum mai baiwa ya yi aiki da ita don ya rufe gaskiya. Aka watse, kowane gefe na cewa shi ya yi rinjaye.

Amma gardamar da ta fi tsanani a cikin gidan Darwin ta ke. Matarsa Emma mai ibada ce ƙwarai. Tun farkon aurensu, a 1839, ta rubuta masa takarda tana nuna tsoronta kada shakkarsa ta raba su a lahira. Ya adana takardar nan har ya mutu. Bayan rasuwar 'yarsu Annie a 1851, tana da shekara goma, imaninsa ya ƙara raunana. Ran Lahadi ya kan raka iyalinsa har ƙofar coci, sa'an nan ya juya ya tafi yawonsa. Shi da kansa bai yarda a kira shi mai musun Allah ba, ya ce shi dai bai sani ba ne. Da ya mutu a 1882, a babban cocin Westminster aka binne shi, inda aka binne sarakuna da manyan ƙasa.

Mace irin Emma ba don son surutu ta ke jayayya ba. Wanda ya gaskata akwai hisabi ba ya iya zuba wa mijinsa ko ɗansa ido ya yi shiru.

Doka Ɗaya

Dalili na biyu shi ne, ƙasa ɗaya su ke zaune, doka ɗaya ke kansu, makaranta ɗaya 'ya'yansu ke zuwa.

A shekarar 1880 mutanen garin Northampton suka zaɓi Charles Bradlaugh ya wakilce su a Majalisar Dokoki ta Landan. Shi wannan da ya ke yaro har koyar da yara addini ya yi a coci, daga baya ya zama shugaban masu musu. Al'adar Majalisa kuwa, ba mai zama sai ya yi rantsuwa da sunan Allah. Bradlaugh ya roƙi a bar shi ya yi alkawari kurum, aka ƙi. Ya ce to, a ba shi Littafin ya rantse. Aka ce faufau, rantsuwar wanda bai yarda da Allah ba wasa ce. Da ya ƙi fita, aka kulle shi kwana guda a hasumiyar babban agogon Majalisa. A shekara ta gaba 'yan sanda da dogarawan Majalisa suka fitar da shi da ƙarfi.

Mutanen garinsa ba su karaya ba, sau huɗu suna sake zaɓensa. Wanda ya tsaya masa kuwa Firayim Minista ne, William Gladstone, mutumin da kowa ya san shi da riƙon addini. Gladstone ya ƙi ra'ayin Bradlaugh ƙwarai, amma ya ga tilasta wa mutum rantsuwar da bai gaskata ba wulaƙanta sunan Allah ne. A 1883 ya kawo doka don a gyara, aka kayar da ita da ƙuri'a uku kacal. Sai a watan Janairu na 1886 Bradlaugh ya sami zama, a 1888 kuma aka yi dokar da ta yarda wa kowa ya zaɓi rantsuwa ko alkawari. A kotunan Nijeriya ma mai ba da shaida yana da wannan zaɓi.

Irin wannan jayayya ta taɓa faruwa a Nijeriya a kan makaranta. Tai Solarin, mutumin Ikenne a ƙasar Yarabawa, a makarantun mishan ya yi karatu, amma ya fito fili ya ce bai yarda da addini ba. A 1956 ya kafa makarantar Mayflower, inda ba a tilasta wa yara ibada. Limaman coci sun yi ta sukarsa, shi ma yana mai da musu martani a jaridu, duk da haka Kirista da Musulmi suka riƙa kai 'ya'yansu can saboda kyawun karatu da horon aikin hannu.

Ƙarfe Ɗaya Ba Ya Amo

Dalili na uku shi ne, hujjar da ba a taɓa gwada ta da abokin gardama ba, ba a san ƙarfinta ba.

A watan Janairu na 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka buɗe wata ƙungiya a Jami'ar Oksfod. Wata mace mai wa'azi, Stella Aldwinckle, ita ta kafa ta, don ta ga ɗalibai na da tambayoyin da su ke jin kunyar yi a coci. Aka sa mata sunan Socrates, wani masanin Girka na dā, wanda ya koyar cewa a bi hujja duk inda ta nufa. Ran Litinin da dare a kan taru. In Kirista ya yi jawabi, mai musu ya ba da amsa. In mai musu ya fara, Kirista ya amsa.

Shugabanta na fari C. S. Lewis ne, ya riƙe ta har 1954. Shi kansa ya san hanyar nan gaba da baya. Uwarsa ta rasu yana yaro, ya bar addini yana da shekara 15, ya yi Yaƙin Duniya na Farko har aka yi masa rauni. Hira da abokansa malamai, wani lokaci har tsakar dare, ita ta komo da shi ga addinin Kirista a 1931. A zauren nan ba a duban fuska. A 1948 wata malama, Elizabeth Anscombe, wadda ita ma Kirista ce, ta nuna masa rauni cikin wata hujja da ya kafa a kan masu musu. Lewis bai yi girman kai ba, ya sake rubuta babin nan duka, aka buga a 1960.

Cikin masu zuwa zauren akwai wani saurayi, Antony Flew, ɗan limamin cocin Methodist. Shi ma yana da shekara 15 ya bar addini. A 1950 ya karanta wata gajeriyar takarda, ya tambayi masu imani: wane abu ne zai faru da zai sa ku yarda kun yi kuskure? In babu, to, maganarku ba ta faɗi kome ba. Takardar nan ta bazu ko'ina, malaman coci suka yi shekaru suna neman amsarta. Flew ya shekara hamsin yana kan gaba cikin masu musu. Sai ga shi a 2004, yana da shekara 81, ya ba da sanarwa cewa tsarin da ya gani a cikin halitta ya sa ya yarda akwai Mahalicci. Bai zama Kirista ba, bai kuma yarda da tashin ƙiyama ba. Tsofaffin abokansa waɗansu suka ce tsufa ne ya kama shi. Shi kuwa ya ce hujja ya bi, kamar yadda aka koya musu a zauren nan. Ya rasu a 2010.

Abin Lura

Ba a gama gardamar nan ba, don a Ingila masu cewa ba su da addini sun ƙaru ƙwarai. Amma ta bar wa mutane abin amfani. An kulle Bradlaugh, kullewar ba ta sāke masa zuciya ba. Lewis da Flew kuwa, waɗanda suka sāke ra'ayi, zama da sauraro ne ya sāke su.

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Malumfashi an sha ganin gida guda, wa Musulmi, ƙane Kirista, tsohon gida kuma yana kan al'adar kakanni. Su kan yi musu a kan addini a inuwar rumbu, gari ya waye su ɗauki fartanya su nufi gona ɗaya. Hausawa sun ce harshe da haƙori ma a kan saɓa, amma ba a taɓa jin ɗayansu ya kori ɗan'uwansa daga baki ba.