Buhun Yashin da Janar Patton Ya Hana

A cikin masu sha'awar harhaɗa ƙananan samfuran tankokin yaƙi akwai waɗanda ba su yarda da buhunan yashi na roba da kamfanoni ke sayarwa ba. Su da kansu suke yanka ƙyalle, su ɗinka buhu ɗai-ɗai da allura, su cika shi da gari mai laushi, su jera a goshin tankar da ba ta kai tsawon tafin hannu da yatsu ba. Mai kallo zai ɗauka neman wahala ne. Amma buhunan nan suna ɗauke da wata gardama da aka yi a Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin waɗanda ke zaune cikin tanka da waɗanda ke ba su umarni.

Asalin maganar daga Normandi ne, a arewacin Faransa, bayan saukar sojojin ƙawance ranar 6 ga Yuni, 1944. Gonakin yankin kewaye suke da ganuwar ƙasa da shingen itatuwa masu duhu, inda soja ɗaya zai iya laɓewa har tanka ta zo dab da shi. Jamusawa kuwa suna da Panzerfaust, makami mai araha da ake harbawa sau ɗaya a yar, wanda ke huda ƙarfe mai kaurin kusan milimita 200. Sulken gaban Sherman, tankar da Amurka ta fi dogara da ita, bai wuce milimita 51 zuwa 64 ba. Mutum biyar ɗin da ke cikinta sun san wannan lissafi sarai. Sai suka shiga tara duk abin da hannu ya kai gare shi a jikin tankar: gungumen itace, guntayen sarƙar tanka, wani lokaci har siminti. Buhun algarara cike da yashi ko ƙasa shi ya fi yawa, don ba ya buƙatar komai sai shebur.

Injiniyoyin soja ba su gamsu ba. A ganinsu kariyar da buhun ke bayarwa kaɗan ce, alhali nauyin da ya ƙara, wanda yakan haura tan guda, yana gajiyar da inji, yana cin ƙafafun tanka, yana ƙara shan mai. Janar George Patton, kwamandan Runduna ta Uku, ya bi wannan ra'ayi ya hana ɗora buhunan. A farkon 1945 rundunarsa ta koma yanko sulke daga tankokin da aka lalata ana walda shi a kan masu lafiya. A Runduna ta Bakwai kuwa, musamman sashen tankoki na 14, sai da aka ƙera wa buhunan ragar ƙarfe ta musamman don kada su zube. Ta fuskar lissafi, Patton ya fi kusa da gaskiya. Sai dai wanda ya ga tankar abokinsa tana ci da wuta ba lissafi yake nema ba, kuma kwamandoji da yawa sun gane cewa sojan da ya ji yana da kariya ya fi saurin matsawa gaba.

Shi ya sa buhun ya zama shaida a hannun mai harhaɗa samfuri. Sherman da aka lulluɓe da buhuna, aka kuma buga mata alamar Runduna ta Uku ta 1945, za ta sa masana su ɗaga gira, ko da fentinta ya yi kyau.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi, 1:35, kamfanin Tamiya na Shizuoka a Japan ne ya yaɗa shi tun farkon shekarun 1960, kuma asalinsa ba wani zurfin tunani ba ne: an yi tankar Panther daidai girman da zai ɗauki batura da ƙaramin inji, daga baya aka auna. A wannan ma'auni, buhun sojan Amurka mai inci 14 da 26 yana komawa kimanin santimita 1 da 1.9. Daga nan wahala take farawa. Zaren algarara, idan aka rage shi sau 35, ya fi gashin kai siriri, saboda haka ƙyallen da ido ya ga ya yi kama da buhu yakan fito kamar ragar kifi. Dole a nemi siliki ko takarda mai laushi irin ta ƙunshin ganyen shayi. Yashi na gaske ma ya yi girma, kowace ƙwaya tamkar tsakuwa. Ba a kuma cika buhun taf, domin sojoji ma rabi ko kashi biyu cikin uku suke zubawa, ya samu ya kwanta a kan ɗan'uwansa ya lotsa. Wannan lotsawar ce roba ta kasa kwaikwaya. Wasu sukan murza ta da hannu daga wani ƙulli mai daskarewa, masu allura kuwa sukan jiƙa buhun da ruwan gam, su danna shi a jikin tankar, su bar shi ya bushe a yadda ya kwanta.