Tarihin katanga a gasar Pokémon

1/ Jiya wani ya riƙe ni kusan awa guda a Pokémon Showdown da Blissey ɗaya tal. In buga ta warke, in ƙara ta warke. Haushi ya sa na ajiye karatun jarrabawa na bi tarihinta. Ku biyo ni 🧵

2/ Tun wasannin farko na 1996 akwai Chansey. Ba ta da ƙarfin naushi, sai yawan rai da Soft-Boiled, dabarar da ke maido mata rabin ranta.

3/ A 1999 Gold da Silver suka kawo Blissey da Skarmory. Blissey na da HP 255, tana shanye wuta da lantarki, amma kariyarta daga naushi 10 ce kacal. Skarmory, tsuntsun ƙarfe, tasa 140. Kowa na rufa wa ɗan'uwansa asiri. Aka sa musu suna SkarmBliss.

4/ A 2006 Infernape ya iso: wuta ga Skarmory, Close Combat ga Blissey. Katanga ta tsage.

5/ A 2010 aka kawo Eviolite, mai ƙara kashi 50 na kariya ga wanda bai gama rikiɗa ba. Sai Chansey ta dawo ta sha gaban yayarta.

6/ A 2014 Se Jun Park ɗan Koriya ta Kudu ya ci gasar duniya da Pachirisu, ɗan kurege mai janyo duka kansa da Follow Me, abokan faɗansa na aiki.

7/ Yanzu na gane laifina: dodanni shida na ɗauko, babu mai fasa katanga ko ɗaya. Ku wa ke fasa muku Blissey?